Daga dafin kibiya zuwa ƙwaryar anza: asalin kalmar "détoxification"

Duk wanda ya tashi a karkarar Damagaram ko Tanut ya san ba a ɗauko ƙwayar anza a jefa baki. Ɗacinta kaɗai ya isa gargaɗi. Sai an ɓare ta, an jiƙa, ana zubar da ruwan ana sake sabo har kwanaki, kafin dilo ya shiga tukunya. A yunwar 2005, gidaje da yawa da wannan aikin suka kai damina.

Abin da matan nan ke yi yana da suna a littattafan kimiyya: détoxification da Faransanci, wato raba abu da gubarsa. Kalmar haɗi ce. "Dé" na nufin cirewa. Cibiyarta kuwa daga tsohon Girkanci ta fito, inda "toxon" ke nufin baka, bakan harbi. Dafin da ake shafa wa kibiya suna ce masa "toxikon pharmakon", maganin baka ke nan. Da Rumawa suka ara, sai suka yar da "magani" suka riƙe "toxicum", sunan baka ya koma sunan guba. Bahaushe ba zai yi mamaki ba, don maharbanmu ma da ƙwanƙwani suke haɗa dafin kibiya.

A cikin anza, mai ɗacin wani sinadari ne, gulukokafarin. Yana narkewa a ruwa, shi ya sa kowane canjin ruwa ke tafiya da wani kaso nasa. Wanda ya yi gaggawa, ko ruwa ya yi masa ƙaranci, shi ke shiga haɗari, kuma shekarar fari ce ke kawo duka biyun. Rogo mai ɗaci ma haka yake: in ba a goge shi an jiƙa an shanya da kyau ba, sayanayid ɗinsa na iya jawo konzo, cutar shanyewar ƙafafu da aka fi sani a Kwango da Mozambik.

Yau a Zinder, kamfanin Sahara Sahel Foods na sarrafa anza ya sayar a matsayin abincin yau da kullum. Amma kar a haɗa wannan da shayin "détox" da ake talla a Facebook don "wanke ciki". Ga mai lafiya, hanta da ƙoda ke wannan aikin, kuma masu tallan ba safai suke faɗin sunan gubar da suke cirewa ba.