Lise Isa Korombe: Tarihinta da Wasannin Ɗalibanta

Duk wanda ya tashi a Maourey, a tsakiyar Yamai, ya saba ganin 'yan lakol da sassafe suna ratsa shataletalen unguwar da jakunkuna a baya. Daga cikin makarantun sakandare na gwamnati da suke nufa, babu wadda ta kai Lise Isa Korombe tsufa da suna.

Ita kanta Maourey tsohuwar unguwa ce. Sunanta ya fito daga Mawri, mutanen da Hausawa ke kira Arawa, kuma tana cikin unguwannin farko na garin tare da Kalley da Gaweye. Yamai ƙaramin gari ne lokacin da Faransa ta ɗauko hedikwatar mulkin mallaka daga Damagaram ta kawo nan a 1926. A shekarun nan, yaron da ya yi fice a karatu sai an tura shi makarantar William Ponty a Senegal. Can Bubu Hama da Jori Hamani da Jibo Bakari suka yi karatu. Da aka buɗe wannan makaranta a matsayin koleji a Yamai, wadda bayan samun 'yancin kai a 1960 aka san ta da Lise Nasiyonal, ɗan talaka ya samu hanyar kaiwa ga jarrabawar bak ba tare da ya bar ƙasa ba. Yara suka riƙa zuwa daga Maraɗi da Tawa da Damagaram da Agadas, Bahaushe da Bazabarme da Buzu a aji ɗaya. Mahamadu Isufu, wanda ya shugabanci Nijar daga 2011 zuwa 2021, ya zauna a bencinta.

Sunan da take ɗauke da shi yanzu na wani jarumi ne. Isa Korombe Bazabarme ne daga Koygolo a ƙasar Boboye, mayaƙin ƙarni na 19 da ya haɗa kai da Kabawa ya yi shekaru yana fafatawa da Fulanin yankin, har ya faɗi a yaƙin Bumba a 1896. Yara da yawa suna gama aji ukun lise ba su san wannan ba, abin da ke damuna ke nan, domin sunan yana rubuce a bakin ƙofar da suke shiga kullum.

Sai maganar wasanni, wadda iyaye suka fi rainawa. A tsarin karatun Nijar, motsa jiki darasi ne mai malami da maki, kuma yana cikin jarrabawar birbe da ta bak. Ana gwada ɗalibi a gudu da tsalle da jifan dalma kafin a shiga jarrabawar rubutu, wanda ba shi da lafiya kuma sai ya kawo takardar likita. Makin nan kan ɗaga yaron da ke bakin faɗuwa. Malaman darasin ana horar da su a makarantar INJS da ke Yamai. Saboda zafin bazara, wanda a watan Afrilu da Mayu kan wuce digiri 40, da sanyin safiya ko da la'asar ake fita fili. Wanda ya taɓa zagaya fili cikin ƙurar hunturu, malami yana busa usur, ya san ba wasa ba ne. Bayan darasi kuma akwai tamola tsakanin aji da aji, ko tsakanin makaranta da makaranta, musamman idan an haɗu da Lise Kasai, inda 'yan kallo kan fi 'yan wasa zafi.

Me ya sa wannan fili ke da daraja? Lambobin Olamfik biyu Nijar ta fara samu: tagulla ta Isaka Dabore a dambe a Munich a 1972, da azurfa ta Abdul Razak Isufu Alfaga a tekwando a Rio a 2016. Shekara 44 tsakaninsu. Ƙasar ba ta rasa masu ƙarfi ba, duk wanda ya kalli kokowar neman takobi, wadda aka fara a Tawa a 1975, ya shaida. Abin da ake rasawa shi ne idon da zai gano yaro yana ɗan shekara 15. Filin wasa na Janar Seyni Kunce, da aka buɗe a 1989 kuma ya karɓi wasannin ƙasashe masu magana da Faransanci a Disamban 2005, na manyan ranaku ne. Filin makaranta kuwa na kowane mako ne. Ga 'yan mata ma, sau da yawa nan ne kaɗai wurin da za su yi gudu babu mai hararar su.

Shi ya sa nake roƙon iyayen Maourey: idan takardar maki ta zo gida, ku duba layin motsa jiki kamar yadda kuke duba na lissafi, ku tambayi yaro ko yana da takalmin gudu. Idan kuma a taron iyayen ɗalibai aka kawo shawarar gina sabon aji a kan fili, ku nemi a fara nuna muku inda yara za su koma yin gudu.