Daga Albashin Wata Zuwa Ajin Lesin: Lissafin da Malaman Nyanya Ke Yi

Duk wanda ya bi titin Abuja zuwa Keffi, daga gadar Nyanya har ya tsallaka Mararaba, ba zai rasa ganin allunan talla a jikin shaguna da benaye ba, ɗauke da sunayen JAMB da WAEC da NECO. Bayan kowane allo akwai ɗaki mai bencina da farin allo, ga kuma malami tsaye yana warware tambayoyin shekarun baya. Da dama daga cikin irin waɗannan malamai ma'aikata ne a da, wasu a makarantun kuɗi, wasu a ofis, kafin su ajiye aiki su buɗe abin da mutanen unguwa ke kira lesin.

Abin da ke tura su ba ɓoyayye ba ne. Nyanya matsugunin ma'aikatan da hayar Wuse da Garki ta fi ƙarfinsu ne, kullum da asuba suna cikin cunkoson Kugbo da AYA. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya riƙa cinye kaso mai tsoka na albashi. An sa hannu kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a watan Yulin 2024, amma dokar ba ta hau kan wurin aikin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma ƙananan makarantun kuɗi da yawa a wannan rukuni suke. Su ma malaman firamare na gwamnati a Babban Birnin Tarayya sai da suka yi yajin aiki na sama da wata uku, daga ƙarshen Maris zuwa Yulin 2025, saboda ƙananan hukumomin birnin ba su aiwatar da sabon albashin ba. Malamin da ya ga haka, sannan ya ga iyaye suna binsa har gida don ya koyar da 'ya'yansu da yamma, dole ya fara tunani.

Kasuwar kuwa tana nan. A 2025 ɗalibai kusan miliyan 2 ne suka zana jarrabawar share fagen shiga jami'a, kuma a sakamakon farko da hukumar JAMB ta fitar sama da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Tun 2015 da kwamfuta kaɗai ake yin wannan jarrabawa, alhali akwai yaran da za su gama sakandare ba su taɓa dafa madannin kwamfuta ba. Uban da ɗansa ya faɗi bara, bana zai nemi inda za a horar da shi ko da bashi ne.

Sai dai ga ma'aikacin gwamnati, riƙe aikinsa da cibiyar lesin a lokaci guda ya saɓa doka. Ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata da ke jadawali na biyar na Kundin Tsarin Mulkin 1999 sun hana mai cikakken aikin gwamnati gudanar da kasuwanci na ƙashin kansa, in ban da noma. Wanda yake son cibiyar lesin da sunansa, sai ya zaɓi ɗaya.

A nan ne lissafin yake da wuya, domin albashi ya ƙunshi abubuwan da ba a gani a hannu. Ƙarƙashin dokar fansho ta 2014, ma'aikaci yana ajiye kashi 8 cikin 100 na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki yana ƙara aƙalla kashi 10. Ranar da ya ajiye aiki, wannan kashi 10 ya tsaya. Dokar ta yarda wanda ya bar aiki kafin shekara 50, ya kuma yi wata huɗu bai sami wani ba, ya ciri abin da bai wuce kashi 25 na ajiyarsa ba, kuma ana samun masu ɗaukar wannan kuɗi su yi jari. Abin a yi hattara ne ƙwarai, don guzurin tsufa ne mutum yake zubawa a hayar shago da bencina. Akwai tsarin fansho na masu sana'ar kansu da aka ƙaddamar a Maris 2019, amma babu mai cire wa mutum kuɗin daga tushe, shi ne zai kai da hannunsa. Inshorar lafiya da hutun rashin lafiya su ma suna tsayawa ranar da aka ajiye aiki: in malamin lesin ya kwanta, aji ya kwanta.

Babban abin da ke kayar da sababbin shiga shi ne sana'ar tana da damina da rani. Daga farkon shekara, lokacin rajistar JAMB, aji yana cika har a rasa wurin zama. WAEC tana biyo baya a Mayu da Yuni, NECO a Yuni da Yuli. Daga nan sai ɗakin ya yi tsit, sai 'yan tsirarun da ke shirin jarrabawar masu zana ta a waje a ƙarshen shekara. Mai gida kuwa kuɗin shekara yake karɓa dunƙule, wutar lantarkin AEDC da man janareta ba su san an gama jarrabawa ba, malaman da aka ɗauko don Turanci da Kimiyya su ma suna da iyali. Wanda ya ɗauki cinikin watan Maris ya auna shekara da shi, zai sha mamaki a Satumba. Masu daɗewa a harkar sukan cike giɓin da darasin dogon hutu na yaran firamare, da koyar da kwamfuta, da bin gidaje a Karu da Jikwoyi da Kurudu.

Iya koyarwa daban, iya karɓar kuɗi daban. Malamin da ya saba a biya shi yanzu shi ne zai dubi idon maƙwabcinsa ya ce kuɗin wata biyu bai shigo ba. Kunya ta rufe cibiyoyin da malamansu gwanaye ne. Littafin shiga da fitar kuɗi, da asusun banki na cibiyar daban da na aljihu, suna rage wannan nauyi, kuma buɗe asusun yana buƙatar rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC. Dokar kamfanoni ta 2020 ma ta ba mutum ɗaya damar kafa ƙaramin kamfani shi kaɗai.

Akwai kuma jarrabawar da shi kansa malamin zai fuskanta. Wasu iyaye ba darasi suke nema ba, tabbacin sakamako suke so, kuma a shirye suke su biya. Cibiyar da ta karɓi wannan kuɗi ta shiga harkar satar jarrabawa, laifin da dokar 1999 kan maguɗin jarrabawa ta tanadar wa hukuncin tara ko ɗauri. Abin takaici shi ne yaron ne ke fara kwana a ciki, a soke sakamakonsa, shekara ta tafi. Rajistar ɗalibai ma JAMB, wadda hedikwatarta ke Bwari, ba ta yarda a yi ta ko'ina ba sai a cibiyoyin kwamfuta da ta tantance. Don haka mai lesin da ba shi da wannan izini aikinsa ya tsaya ga koyarwa da gwajin jarrabawa, ranar rajista kuma ya tura ɗalibansa cibiyar da sunanta ke cikin jerin hukumar.