Ko Ka Sani? Katin da ke riƙe da makullin rumbun kwamfuta

Manomin Kafin Hausa da ya san halin kogin Haɗejiya ba ya zuba irinsa duka a fadama. Yakan bar wani a tudu, don in ruwa ya yi gyara irin na 2022 a samu na tuwo. Manyan kwamfutoci masu ajiye bayanai ma da irin wannan dabarar suke kwana.

Sunanta RAID. David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz na Jami'ar Kalifoniya da ke Bakli ne suka yayata ta a wata maƙala ta 1988: a haɗa faifan ajiya masu araha su yi aiki tamkar guda, in ɗaya ya mutu kada bayani ya bi shi kabari. A tsarin RAID 1, duk abin da aka rubuta a wannan faifai ana rubuta shi a wancan. RAID 5 ya fi wayo. A sauƙaƙe, faifai ɗaya ya riƙe 4, na biyu 3, na uku jimillarsu, 7. Na biyu ya ƙone? Cire 4 daga 7. Shi ya sa faifai uku masu terabayit ɗai-ɗai ke ba ka wurin ajiyar terabayit biyu.

To wa zai riƙa yin lissafin? Nan aka rabu.

Wasu kan sayi kati na musamman su soka a kwamfutar. Yana da ƙwaƙwalwarsa, da ma'ajiyar wucin gadi, da batir. Batirin nan ba ado ba ne: in aka ɗauke wuta ana tsakiyar rubutu, shi ke riƙe abin da bai kai faifai ba har wuta ta dawo. A garin da ɗauke wuta ba labari ba ne, wannan alheri ne, sai dai zafin Afrilu ba ya barin batir ya yi tsawon rai. Wasu kuma manhaja suke bar wa aikin, kamar mdadm da Neil Brown ya fara rubuta wa tsarin kwamfuta na Linux a 2001. Akwai na uku, kura da fatar akuya: kati mai araha da sunan RAID a kwalinsa, alhali kwamfutarka ce ke yin aikin ta hanyar direbansa.

Direba a nan ba na mota ba ne, ƙaramar manhaja ce mai yin tafinta tsakanin kati da kwamfuta. In kamfani ya ɓoye yadda ya rubuta ta, ba mai iya gyara ta sai shi, kuma in ya daina sabunta ta, wata rana katinka na iya zama kurma. A 2005 Theo de Raadt da abokan aikinsa masu haɗa tsarin kwamfuta na OpenBSD sun yi ta neman kamfanin Adaptec ya ba su bayanan katunansa na RAID. Da abin ya faskara, suka cire direban daga tsarin da suke rabawa.

Ka ƙaddara ofis ne mai ajiye sakamakon ɗalibai, a gari mai jami'a irin ta Sule Lamido da aka kafa a 2013. Kati ya ƙone. Faifan lafiyarsu ƙalau, amma an jera bayanan cikinsu bisa tsarin kamfanin, don haka sau da yawa sai an nemo kati ɗan gidansu. A Haɗejiya? Da wuya. Sai Kano, ko Ikeja, ko a jira saƙo daga waje, ɗalibai na zirga-zirga a bakin taga. Da mdadm ne, faifan za a kwashe a kai wata kwamfuta mai Linux, ta karanta alamar da ke jikinsu ta sake haɗa su. Ni dai a nan, da kuɗin kati gara na sayi inbata da batura masu kyau na bar wa manhaja lissafi.

Sai dai kwatancen manomin nan yana da iyaka. Faifan RAID duk a akwati ɗaya suke, a ɗaki ɗaya, wato duk a fadama. Wanda ya goge fayil bisa kuskure ya goge shi a dukkansu lokaci guda, kuma ruwan da ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa ba ya tambayar wanne ne kwafi.