Amsoshin Wasiƙunku: Me Ya Haɗa Harshen Zulu Da Na Bhojpuri?

TAMBAYA: Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu a Malumfashi ta Jihar Katsina, manomi ne, yana kuma fataucin hatsi a kasuwannin Funtuwa da Bakori da Ɗandume. Ya ce gardama ta kaure a rumfarsu da suka ji an ce a Afirka ta Kudu akwai Zulu, akwai kuma masu wani harshe wai shi Bhojpuri. Shi ne yake so mu raba gardama: danginsu ɗaya ne? Wanne ya fi jama'a, wanne kuma ya fi ƙarfi?

AMSA: To, madalla Malam, mun gode da wannan tambaya. A gajarce, babu dangantakar jini ko ta miskala zarratin tsakaninsu. Noman rake ne ya haɗa su maƙwabtaka.

Zulu harshen Afirka ne, daga cikin harsunan da masana ke kira Bantu. Cibiyarsa ita ce lardin KwaZulu-Natal, inda birnin Durban yake. Sarkinsu da ya fi shahara, watau Shaka, ya yi mulki daga 1816 zuwa 1828, zamani ɗaya ke nan da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Shi kuwa Bhojpuri ɗan Indiya ne, ɗan'uwan Hindi da kuke ji a finafinai. Ana yinsa a yammacin jihar Bihar da gabashin Uttar Pradesh, wajajen biranen Banaras da Gorakhpur, har ya tsallaka cikin ƙasar Nepal. Yanki ne na manoman shinkafa da alkama da rake, a kwarin kogin Ganga.

Yanzu bari mu jera su gefe da gefe. Bazulu in zai ce "ina shan ruwa", sai ya ce "ngiphuza amanzi". Sha ya fara zuwa, sannan ruwa, kamar dai yadda Bahaushe ke yi. Mai Bhojpuri kuwa sai ya ce "ham pani piyat bani", watau "ni ruwa sha nake". Aikin yana zuwa ne a ƙarshe, irin yadda Barebari ke jera tasu maganar.

Wajen jam'i, Zulu a goshin kalma suke canji: "umuntu" mutum ne, "abantu" mutane. Suna raba sunayen abubuwa aji-aji, na mutane daban, na itatuwa daban. Duk wanda ke jin Fulatanci ya san irin wannan, sai dai Fulani a wutsiya suka fi nuna nasu, kamar Pullo da Fulɓe. Da ma masana sun ce Fulatanci da Zulu dangi ne na nesa.

Haka nan Zulu yana da hawa da saukar murya, irin abin da ke raba kukan yaro da miyar kuka a Hausa. Bhojpuri ba ya da wannan. Sannan Zulu suna da wasu sautuka uku da suka samo daga maƙwabtansu mutanen Khoisan. Harafin "c" kamar tsaki yake fita, "x" kamar mai kora doki, "q" kuma kamar an zare marfin kwalba, alal misali "iqanda", watau ƙwai. Abin da Bhojpuri ke taƙama da shi kuwa shi ne ladabi: yaro ba ya ce wa babba "tu", sai dai "raua", kamar yadda muke ce wa dattijo "ku". Rubutun Zulu da boko ne, na Bhojpuri kuwa da baƙaƙen Devanagari, irin waɗanda ke fitowa a farkon fim ɗin Indiya.

To, ina suka haɗu? Bayan Ingila ta hana bauta, Turawan Natal suka rasa ma'aikata a gonakin rake, domin Zulu suna da gonakinsu da shanunsu, ba su yarda da ƙodago ba. Sai aka shiga ɗebo lebura daga Indiya a kan yarjejeniyar shekara biyar. Jiragen ruwa na farko, Truro da Belvedere, sun iso Durban a watan Nuwamba na 1860. Kafin a tsayar da abin a 1911, an kawo mutum sama da 150,000. Mafi yawansu masu harsunan Tamil da Telugu ne, amma waɗanda suka taso ta Kalkata da yawansu Bhojpuri suke yi. A gona, Bature da Ba'indiye da Bazulu ba mai jin wani, sai suka riƙa amfani da wani gurɓataccen Zulu mai suna Fanakalo, kwatankwacin Barikanci a nan ƙasarmu.

Maganar yawan jama'a kuwa, Bhojpuri ne a gaba nesa ba kusa ba. Ƙidayar Indiya ta 2011 ta nuna mutum sama da miliyan 50. Ƙidayar Afirka ta Kudu ta 2022 ta nuna kusan mutum ɗaya cikin huɗu Zulu yake yi a gida, kimanin miliyan 15 ke nan.

Amma fa yawa daban, ƙarfi daban. Tun 1994 Zulu ya shiga cikin harsunan gwamnati. Ana koyar da shi a makaranta, yana da jaridar Ilanga da John Dube ya kafa a 1903, ga kuma gidan rediyon Ukhozi. Shi kuwa Bhojpuri, duk yawan nan nasa, ba ya cikin harsuna 22 da tsarin mulkin Indiya ya lissafa, a ƙarƙashin Hindi ake ƙirga shi. A Natal ma abin ya fi muni. Makaranta da Turanci, neman aiki da Turanci, su kansu masu harshen suka riƙa raina shi, suna ganin Hindin littafi ya fi shi daraja. Jikoki suka tashi da Turanci, har ya zama da wuya ka sami mai yinsa in ba tsoho tukuf ba. Amma 'yan'uwansu da aka kai ƙasar Suriname, a Kudancin Amurka, sun riƙe nasu a cikin gida, ga shi har yau suna yi.

Saboda haka, jama'a, akwai abin lura ga fatakenmu da 'yan ci-rani da suka zauna da iyali a Ikko ko Kumasi ko Sudan. Yaro ya koyi harshen gari da na makaranta, wannan riba ce. Amma in aka daina yi masa Hausa ko Fulatanci a tsakar gida, jika ba zai iya gaida kakansa ba. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Da fatan gardama ta ƙare. A gaida mana mutanen rumfa baki ɗaya, Allah ya ba da damina mai albarka.