Daga Ina Aka Fara Awon Jirgi?

Mai bin titin Sakkwato daga Sabon Gari zuwa Samaru yakan ga ƙananan jirage suna shawagi a saman Palladan. Na Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya ne, wadda aka kafa a 1964. Ba matuƙa kaɗai ake horarwa a can ba, har da masu gyaran jirgi, kuma dole su iya karanta zane kafin a saki sifana a hannunsu.

A zanen jirgi, lamba ba ta da amfani sai an san inda aka fara ƙirga ta. Kamfanin da ya ƙera jirgin shi ke zaɓar mafarin awo, ya kira shi sifili. Wani a kan hancin jirgi yake sa shi, wani kuma ya tura shi gaba da hanci, cikin iska, inda babu ko ƙusa, don kowane awo ya fito ba tare da alamar ragi ba. Daga nan ake auna tsawo zuwa wutsiya, a rubuta FS. Tsayi daga ƙasa zuwa sama WL ne, nisa daga tsakiyar jirgi zuwa dama ko hagu kuwa BL. Da waɗannan ukun makanike zai kai yatsa daidai kan tsagar da aka ce ya duba. Da wannan mafarin ake lissafin yadda nauyin kaya da fasinja zai zauna.

Sai ma'auni, inda aka fi yin tuntuɓe. Ɗauki tef ɗin tela a kasuwar Sabon Gari: inci a gefe ɗaya, santimita a bayansa. Masu ƙera jirgi a Amurka da inci suke zane, na Turai galibi da milimita. Inci ɗaya milimita 25.4 ne. FS 120 a inci ya zarce mita uku, a milimita kuwa ko taƙi bai cika ba.

Ba a zane kaɗai wannan ruɗani ke cizo ba. Ranar 23 ga Yuli, 1983, wani Boeing 767 na Air Canada yana buƙatar mai kilo 22,300, aka yi lissafin da laba, ya tashi da abin da bai kai rabi ba. Injinansa biyu suka mutu a sama. Matuƙan suka lallaɓa shi ba inji har tsohon filin jirgin soja na Gimli a Kanada, mutum 69 da ke ciki duk suka tsira.