Jijiyar Zinariya a Duwatsun Tsohon Birnin Gwari

Dattawa da dama sun ɗauka cewa zinariya a rafi take tsira, domin a rafi suka ga ana wanke ta. Ba haka abin yake ba. Wadda ake samu a cikin yashi ɓaraguzai ce da ruwan damina ya kankaro. Uwarta tana can cikin farin dutsen nan mai tauri da muke kira ƙanƙara, wanda ke ratsa sauran duwatsu kamar jijiya a jikin nama.

Yankin Tsohon Birnin Gwari yana kan wani zirin duwatsu masu fallaye da masana suka sa wa sunan Kushaka. Kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce ƙasa ta matse waɗannan duwatsu, ta lanƙwasa su, ta tsattsaga. Ruwa mai tsananin zafi ya taso daga ƙarƙashi ta cikin tsagogin, ɗauke da narkakkun ma'adinai, da ya huce sai ya bar ƙanƙara, a cikinta kuma ɗan abin da ya ɗauko na zinariya. Shi ya sa ake samun jijiyoyin a kusa da babbar tsagar Kalangai, kuma galibinsu sirara ne.

An fara lissafin zinariyar Nijeriya a hukumance a 1913, haƙar ta bunƙasa a shekarun 1930, Yaƙin Duniya na Biyu ya durƙusar da ita. Hukumar Haƙar Ma'adinai ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1972, ta koma binciken zinariya a shekarun 1980.

To, yaya ake gane jijiyar da za ta biya wahala? Mai bincike yakan fara da wanke yashin rafi, yana hawa sama har inda ƙwayoyin suka ɗauke. Uwar tana nan kusa. Sai ya ɗebi ƙasa a jere, ya yanka rami a gicciye kan jijiyar don ya ga kaurinta, ya aika da samfur a auna. Bayan nan ne ake kawo injin huda dutse, domin jijiya takan yi kauri a sama ta tsuke a ƙasa, ko ta ɓace ɗungurungum. Giram biyar a tan guda na dutse ana ganin abin kirki ne. A nan mutanenmu suka fi yin asara: dutse ɗaya mai ƙyalli yakan sa magidanci ya sayar da gona, alhali zinariyar ba a baje take daidai ba, kuma akwai wani ma'adini mai ruwan ɗorawa da ke shigar burtu da kamarta.

Har ila yau, wasu jijiyoyin kan zo da dutsen tozali, wato uwar dalma. Niƙa irinsa a cikin gidaje ne ya hallaka yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara a annobar da ta bayyana a 2010. Ya kamata malamai su gaya wa ɗalibai cewa ba a dakan dutsen haƙa a turmin da ake daka hatsi.