Kogin da doka ta hana a tare shi

Mun saba jin gwamnati ta keɓe daji, kamar Yankari ko Gashaka-Gumti, ta ce ba sare itace, ba farauta. To amma ka taɓa jin an keɓe kogi? Wato mutane su ci gaba da shan ruwansa, su yi kamun kifi, su tuƙa kwale-kwale, amma doka ta ce babu mai gina madatsar ruwa a kansa. A bar shi ya cika in lokacin cikarsa ya yi, ya janye in lokacin janyewarsa ya zo.

Amurka tana da irin wannan doka. Ranar 2 ga Oktoba, 1968, Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a kan dokar da ake kira Wild and Scenic Rivers Act, wato dokar kogunan daji da masu ƙayatarwa. An fara da koguna takwas, cikinsu har da Rogue a jihar Oregon, da wani yanki na Rio Grande a New Mexico, da reshen tsakiya na kogin Salmon a Idaho. Yau kogunan sun haura 220, tsawonsu ya zarce kilomita 21,000. Kada adadin ya ruɗe ka, bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari na kogunan ƙasar ba.

Abin da ya jawo dokar shi ne zazzaɓin gina dam da ya kama Amurka daga shekarun 1930 zuwa na 1960. An gama madatsar Hoover a kan kogin Kolorado a 1936, Grand Coulee a kan kogin Kolumbiya ta biyo baya, daga nan duk inda injiniya ya ga kogi ya ratsa tsakanin duwatsu biyu sai ya zana dam. Kuma madatsun nan sun yi amfani, wannan ba abin musu ba ne: sun ba da wutar lantarki, sun shayar da birane da gonaki. Yau rajistar gwamnatin ƙasar tana ɗauke da madatsu sama da 90,000. Wasu tagwaye masu binciken namun daji, John da Frank Craighead, na cikin waɗanda suka fara cewa a dakata. Sun gaji da yaƙar kowane dam ɗaya bayan ɗaya, sai suka kawo shawarar a zaɓi wasu koguna tun da wuri a ce waɗannan ba a taɓa su. Sanata Frank Church na Idaho ya ɗauki maganar zuwa majalisa.

To mene ne abin damuwa idan an tare kogi? Ai ruwan bai ɓace ba, yana nan a tafki, kuma ana sakinsa. Amsar ita ce kogi ba ruwa kaɗai yake ɗauke da shi ba.

Yana ɗauke da laka da yashi da tsakuwa. Da zarar ruwa ya shiga tafki ya daina gudu, duk wannan kaya sai ya kwanta a ƙasa. Ruwan da ke fita ta ƙasan madatsar garau yake, kuma masana kan kira shi ruwa mai yunwa, domin yana zaizayar gaɓa da ƙasan kogin don ya maye abin da aka ƙwace masa. Dubi Kolorado. Sunan kansa a harshen Sifaniyanci yana nufin mai launin ja, saboda jar lakar da yake kwasowa. Tun da aka rufe ƙofofin madatsar Glen Canyon a 1963, ruwan da ke shiga kwazazzabon Grand Canyon ya koma kore-kore, tudun yashin da ke bakin kogin suka riƙa zaizayewa. Daga 1996 sai da hukumomi suka fara sakin ambaliya da gangan lokaci-lokaci don a ɗan maido da yashin.

Akwai kuma zafin ruwa. Ana jawo ruwan daga can ƙasan tafki, inda rana ba ta kaiwa. A da, Kolorado kan yi ɗumi sosai da zafi ya yi sanyi ƙarara da hunturu. Bayan dam, shekaru da dama ruwan yana fitowa da sanyin da bai wuce digiri 8 zuwa 10 ba, rani da hunturu. Kifayen asalin kogin, da ke bukatar ɗumi kafin su yi ƙwai, suka shiga wahala.

Abu na uku shi ne lokaci, kuma a ganina shi ya fi kowanne muhimmanci duk da ba a ganinsa da ido. Cikowar kogi ita ce agogon duk abin da ke rayuwa a cikinsa da gefensa. Ita ke sanar da kifi lokacin tafiya, ita ke wanke tsakuwar da zai zuba ƙwai a ciki, ita ke malala kan fadama ta bar sabuwar laka ta kuma sauke ruwa cikin ƙasa. Dam yana sakin ruwa ne gwargwadon bukatar lantarki ko ta ban-ruwa, kifi kuwa bai san wannan jadawalin ba. Wani bincike da mujallar Nature ta buga a 2019 ya gano cewa cikin kogunan duniya da tsawonsu ya wuce kilomita 1,000, kashi 37 cikin ɗari kaɗai suka rage suna gudana ba tare da shamaki ba daga tushe har ƙarshe.

Yanzu, yaya dokar take aiki? Ƙarfinta yana cikin sashe na 7. Sashen ya hana hukumar tarayya mai ba da lasisin lantarki amincewa da kowane dam a kan yankin da aka keɓe, ya kuma hana sauran hukumomin tarayya ba da kuɗi ko izini ga aikin ruwa da zai lalata abin da ya sa aka keɓe kogin. A Amurka da wuya ka gina babban dam ba da lasisi ko kuɗin tarayya ba, ka ga kenan an toshe hanyar tun daga ofis. An gwada wannan a 1976. Wani kamfanin lantarki ya riga ya sami lasisin gina madatsu biyu a kan kogin New River, aikin da zai nutsar da gonaki da gidaje a Bajiniya da Karolina ta Arewa. Manoman yankin da masu kare muhalli suka haɗa kai, majalisa ta saka kimanin kilomita 42 na kogin cikin tsarin, Shugaba Gerald Ford ya sa hannu, aikin ya mutu.

An kasa kogunan gida uku bisa yawan hannun ɗan Adam a kansu: na daji, wanda sai da ƙafa ko kwale-kwale ake isa gare shi, mai ƙayatarwa, wanda hanya ke taɓa shi nan da can, sai na shaƙatawa, wanda titi ko layin dogo ke bin gefensa. Kariyar takan shafi kimanin mita 400 a kowane gefe. Mai gona yana nan da gonarsa, masunci yana nan da ƙugiyarsa.

Shaƙatawar ma sai da aka sa mata linzami, domin masoya kogi kan iya kashe shi da ƙauna. A reshen tsakiya na kogin Salmon, in kana son tafiyar kwale-kwale ta kwanaki a lokacin da jama'a ke tururuwa, sai ka shiga ƙuri'a, kuma akasarin masu nema ba sa samu. In ka dace, dole ka tafi da kaskon da za ka hura wuta a ciki, ka kwaso tokar. Kai, har bayan gidanka a cikin mazubi za ka ɗauko ka fito da shi.

Amma fa dokar tana da iyaka, kuma wannan kogin na Salmon shi ne shaida. Ba ko dam ɗaya a kansa, ruwansa tas, tsakuwarsa lafiya lau. Sai dai kifin salmon da aka raɗa wa kogin sunansa a teku yake girma, kuma kafin ya dawo gida ya yi ƙwai sai ya tsallake madatsu takwas, huɗu a kan Kolumbiya, huɗu a kan kogin Snake. Ta ƙarshensu, Lower Granite, a 1975 aka gama ta, shekara bakwai bayan dokar. A 1992 aka saka nau'in salmon ɗin nan cikin jerin halittun da ke fuskantar barazana. An kare ɗaki, amma hanyar zuwa ɗakin tana hannun wasu.

In ka san yankin Haɗeja da Nguru, bayanin lokacin cikowar kogi ba baƙo ba ne a wurinka. Bayan madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke shayar da fadamun can ta ragu, ruwa kuma ya koma zuwa kaɗan-kaɗan duk shekara maimakon ya zo ya tafi. Wannan ne yanayin da kachala ke so, ta kuwa toshe magudanai ta cinye gonaki da wuraren su. A 1998 Edward Barbier da Julian Thompson suka buga lissafin da ya nuna cewa ribar manyan ayyukan ban-ruwa na sama ba ta kai asarar da manoma, masunta da masu itace ke yi a fadamun ƙasa ba. Kogin Jama'are, wanda ke gangarowa daga tsaunukan Jos ta jihar Bauchi, shi ne har yanzu ke kai wa fadamun ambaliya irin ta da, saboda babu babban dam a kansa. An fara aikin madatsar Kafin Zaki a kansa shekaru da yawa da suka wuce aka tsaya, kuma lokaci-lokaci maganar farfaɗo da shi takan taso, mutanen Bauchi na son ruwan noman rani, mutanen Yobe da Borno na tsoron abin da zai rage ya iso gare su.